Ozell Crenshaw, Mai Zuwa Gidan Wanda Ba a Kira Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya yi wa Ozell Crenshaw rasuwa a wani asibiti a birnin Jackson na jihar Mississippi, bayan jinyar da ta fara daga ƙafa ta ƙare a zuciya. Ina rumfata ta bakin titin Belzoni, inda nake sayar da dafaffiyar gyaɗa da hulunan ƙwallo, ina jayayya da wata mata kan farashi, sai 'yarsa Latrice ta kira ni. Da na ajiye wayar, na miƙa wa matar hular a kuɗin da ta taya. Ta tsaya tana kallona, domin duk garin nan an san Rufus Tillery bai taɓa sallama kaya a tayin farko ba.

Ozell, ka tafi ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen 'yan wasa, lokacin da manyan ƙungiyoyin ƙwallo ke ɗibar yara daga jami'o'i. Duk shekara wannan ne makon da ake nemanka. Ban ga dabara a tafiyar nan taka ba, amma ba kai ka zaɓi ranar ba.

Na san ka tun kana ɗan jarida, kana rubuta labarin wasanni a jaridar gundumarmu, ni kuma ina bin filayen ƙwallo da tukunyar gyaɗa. Da jaridar ta rufe, abokan aikinka suka watse, wasu suka koma sayar da inshora, wasu suka bi 'ya'yansu birni. Kai kuwa ka buɗe shafinka a intanet, wanda sai mutum ya biya dala biyar a wata yake karantawa, ka ce za ka riƙa rubutu a kan yaran ƙananan jami'o'inmu na baƙar fata, waɗanda kyamara ba ta zuwa wasansu. Na yi maka dariya a ranar. Na ce wa zai biya kuɗi ya karanta abin da ake zubarwa kyauta a ko'ina? Ka ce da ni wanda ya ba mutum labari kyauta idonsa yake sayar wa masu talla, don haka dole ya faɗa masa abin da zai sa ya dawo. Wanda ya biya ka kuwa ya zama ubangidanka, kuma ba ka iya yi wa ubangida ƙarya.

Da ciwon suga ya hana ka tuƙi, sai na zama direbanka. Mun ci hanyoyin Mississippi da Alabama da Louisiana a tsohuwar motata, kai da agogon auna gudu a wuya, ni da buhun gyaɗa a baya. Kowace tafiya sai mun yi faɗa ɗaya, kuma kullum a kan abu ɗaya ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da mutane ke saya. Uban da ya biya kuɗin wata ba gaskiya ya zo nema ba, so yake ya ga sunan ɗansa a sama. Na sha ce maka ka ɗan zuba zuma a rubutun, ka ɗaga wannan yaron, ka ƙara wa wancan tsawo kaɗan, dangi su yi ta rajista har da na Chicago.

Sai ka ce, "Rufus, kai fa ko gyaɗar jiya sai ka ce yanzu aka sauke ta."

Ni kuma na ce, "Tsoho, ai shi ya sa ni nake da mota, kai kake zaune a gefe."

Ba ka taɓa zagin manyan shafukan nan masu ɗimbin ma'aikata ba. Kai ma kana biyan kuɗin biyu daga cikinsu, kana cewa sun san yaran manyan jami'o'i fiye da kai nesa ba kusa ba. Abin da kake faɗa kawai shi ne, yaran da ke wasa a filayenmu ba su gan su da ido ba. Wani ya rubuta suna, na gaba ya kwafa, kafin Afrilu sai ka ga an sa yaro a zagaye na biyar cikin zagaye bakwai na zaɓen, ba tare da kowa ya taɓa tsayawa a bakin filinsa ba. Kai ma kana kuskure. Akwai yaron da ka ce gajarta za ta hana shi, ya je ya yi shekaru yana wasa, ya gina wa mahaifiyarsa gida. Duk lokacin da ya dawo hutu sai ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce, "Ga makahon ya zo." Har ka rubuta wa masu karanta ka cewa duk wanda ke son a mayar masa da kuɗinsa saboda wannan, ya yi magana. Ba wanda ya yi.

Amma abin da zan fi tuna ka da shi ba rubutu ba ne. Kwana uku ake zaɓen. Ranar farko ta yaran da ke sa kwat a talabijin ce, ba ruwanmu da ita. Tamu ita ce Asabar, ranar ƙarshe, lokacin da iyalai ke soya tarwaɗa, a tara dangi da 'yan coci, a ajiye yaro a tsakiya da wayarsa a kan cinya, ana jiran ta yi ƙara, domin ƙungiyar da ta zaɓe shi ita za ta kira. Duk shekara kakan duba yaranka, ka ware wanda ka fi jin ba za a kira shi ba, ka ce in kai ka gidansu. Gidan wanda za a kira, a faɗarka, ba ya rasa baƙi.

Da ka shiga, doka ɗaya kake kafawa: kada wanda ya kira wayar yaron a ranar. Ka kafa ta ne tun shekarar da muka je wani gida a Yazoo, wayar yaro ta yi ƙara ana tsakiyar zagaye na shida, ɗaki ya ɗauki ihu, kakarsa ta durƙusa tana godiya ga Ubangiji. Ashe kawunsa ne daga shagon mai, yana tambaya ko a ƙaro ƙanƙara. Ban taɓa ganin ɓacin ranka irin na ranar ba. Ba a kira yaron ba har aka gama. Mutane suka riƙa sulalewa da faranti a hannu, kowa na cewa zai dawo. Kai ka zauna. Ka ja kujera kusa da shi a baranda, kuna kallon titi, ba ka ce masa komai ba sai da ya fara magana da kansa.

Bana yaron da ka ware shi ne Kendrell Moody, mai tsaron baya, ɗan Vernice da ke aiki a masana'antar sarrafa kifi. Manyan shafuka sun sa shi a zagaye na biyar. Kai ka rubuta cewa ba za a zaɓe shi ba, saboda ya haura sa'o'insa a shekaru kuma an taɓa yi masa aiki a kafaɗa, amma yana da ido da ƙafar da zai iya zama a ƙungiya idan ya faɗa inda ake buƙatarsa. Vernice ta karanta rabin farko kawai. Ta tare ka a ƙofar coci a gaban jama'a.

Ta ce, "Mista Ozell, da kuɗina kake binne mini ɗa? Mutanen New York sun ce biyar, kai da ko tuƙi ba ka iyawa ka ce babu?"

Ka cire hula ka ce, "Vernice, Allah ya sa su ne da gaskiya. Me za a dafa ranar? Zan zo."

Ta ce ba a gayyace ka ba. Ta daina biyan shafinka a makon, ta kama zauren cocin don bikin.

Ranar da na zo duba ka ta ƙarshe a asibiti, ban ji daɗin yadda na gan ka ba, sai na shiga ba ka labarin kasuwa don kada mu yi shiru. Ka katse ni. Ka ce idan an rufe zaɓe, ƙungiyoyi kan shiga kiran yaran da suka rage, a gaggauce, kowa na cewa a ba shi amsa yanzu. Yaron da zuciyarsa ta karye yakan amsa wa muryar farko da ya ji, ya je inda aka tara masu tsaron baya kamar buhuna, a sallame shi kafin kaka. Wakilin da ke nema wa Kendrell ƙungiya kuwa yana da wani babban yaro a Texas, can zai wuni. Ka ce in je, in hana yaron kashe waya, in hana shi amsa wa na farko idan ba gurbinsa a can. Ka faɗa mini ƙungiyoyin da suka cika da waɗanda ke da giɓi, ka sa na maimaita kamar ɗan makaranta.

Na ce, "Ni me na sani a ƙwallo?"

Ka ce, "Ba ƙwallo ba ce, ciniki ne. Ka taɓa sallamawa a tayin farko?"

Mun binne ka ranar Asabar, Asabar ɗin da ta biyo baya, ranar ƙarshe ta zaɓe, na sa rigar da na je jana'izarka da ita, na tafi zauren cocin. Vernice ta gan ni a ƙofa, ta dube ni, ta dubi bayana kamar tana jiran wani ya biyo ni, sannan ta nuna mini kujera. An rataya hoton Kendrell ya kai tsayin mutum. Zagaye na biyar ya wuce, na shida ya bi shi. Mai kiɗa ya rage sauti ba tare da an ce masa ba. Da aka kira sunan ƙarshe, ba nasa ba, fasto ya yi gajeriyar addu'a, mutane suka fara tuna cewa sun bar wani abu a kan wuta. Kafin la'asar ta yi sanyi, daga ni sai Kendrell da mahaifiyarsa da tarwaɗar da ta huce.

Ya kai hannu zai kashe wayar, na riƙe hannun. Ban iya shirunka ba, Ozell, don haka na yi ta zuba, ban ma san me nake faɗa ba. Can sai wayar ta yi ƙara. Babbar ƙungiya ce, mai suna, wadda rabin hulunan rumfata nata ne, kuma tana cikin waɗanda ka ce sun cika. Mai kiran ya ce a ba shi amsa nan take, akwai wasu a layi. Na ce wa yaron ya tambaye shi mutum nawa suke da su a gurbinsa. Mutumin ya kewaye tambayar. A kasuwa na san abin da hakan ke nufi. Na girgiza wa Kendrell kai.

Ya rufe bakin wayar ya ce, "Kawu Rufus, idan ba wanda ya sake kira fa?"

Na ce masa abin da ka ce, na kuma gaya masa kai ne ka ce, rayuwa kuma tasa ce. Ya dubi mahaifiyarsa. Ta ce, "Mista Ozell bai yi mana ƙarya da safe ba, ban ga abin da zai sa ya yi da yamma ba." Yaron ya yi wa mai kiran godiya, ya ajiye.

Na yi shekaru ina barin mai saye ya tafi don na san zai dawo, amma kayana nake cinikin, ba rayuwar ɗan wani ba. Wayar ta yi shiru. Vernice ta tashi ta fara naɗe ledar tebura, tana yi tana warwarewa. Na zauna ina jin haushinka, ina cewa a raina ka ɗora mini kaya ka kwanta abinka. Rana ta sauka daga tagar zauren zuwa ƙasa. Sai wayar ta sake yin ƙara. Wata ƙungiya ce ta can arewa inda dusar ƙanƙara ke rufe mota, ɗaya daga cikin masu giɓin da ka lissafa mini. Kocin masu tsaron baya ne da kansa, ya kira yaron da sunansa, ya tambaye shi kafaɗar. Kendrell ya amsa tayinsu. Ba a yi ihu ba, ba mai yi. Vernice ta zuba mini kifi a leda, ta ce in ci a hanya.

Ba a ba shi tabbacin komai ba. Zai je sansanin horo, zai yi takara da wasu, ƙila ya zauna, ƙila ya dawo kafin sanyi. Amma ya tafi inda za a dube shi, kuma iyakar abin da ka nema masa ke nan.

Latrice ta ce za ta bar shafin a buɗe, ba kuɗi, don yaran da ka rubuta su riƙa nuna wa 'ya'yansu. Mutane suna tsayawa a rumfata suna cewa yanzu ni zan gaje ka a zuwa gidajen nan. Ina gyaɗa musu kai, domin ban saba musa wa mai saye ba. Gaskiyar ita ce zama zan iya, ciniki ma zan iya. Amma baɗi, ranar Asabar ɗin nan, za a soya kifi a gidaje da yawa daga nan har Louisiana, kuma a ɗaya daga cikinsu wayar ba za ta yi ƙara ba. Kai ne ka san wane gida ne. Ni direba ne kawai.

Allah ya jiƙanka, Ozell Crenshaw, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ƙafarka ta hana ka a duniya, ya sada ka da matarka Earline da ta riga ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Latrice da jikokinka a Memphis, da ƙanwarka Ardella wadda ta yi jinyarka, da 'yan cocinku, da dukan yaran da ka zauna da su bayan kowa ya tashi. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu ma mu sami mai zama kusa da mu idan tamu ta zo.