Kukan da Bong Mal-sun Ta Ƙi Yi

Bong Mal-sun ita ce mace ta biyar a jere a gidansu, shi ya sa ubanta ya raɗa mata irin sunan nan da ake ba wa 'yar da ake fatan daga kanta mata sun ƙare. Ba ta wuce firamare ba. Tana da shekara goma sha huɗu ta shiga masaƙa a Daegu, inda ƙarar inji ta cinye mata kunne ɗaya. Har ta tsufa in tana magana sai ka ce faɗa take. Ta auri Chu Gap-su, direban bas, suka haifi namiji ɗaya, wanda ya tafi Seoul ya koma ɗan gaisuwa ta waya.

Tana da shekara sittin da biyu ciwon mantuwa ya kama Gap-su. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke bin sa in ya fice ba takalmi. Shekara tara ana haka, sai wata maƙwabciyarta mai shara a jami'a ta gaya mata cewa sashen koyar da aikin jin daɗin jama'a yana neman tsohuwar da za ta riƙa yin kamar mai matsala, ɗalibai su gwada yin hira da ita. Dama ranar Talata da Alhamis Mal-sun tana kai maigidan wurin da ake kula da tsofaffi da rana. Ta ce to, gara wannan da zaman kallon bango.

Shugaban sashen, Farfesa Eom, ya rubuta littafi uku a kan matan da ke jinyar mazajensu. Da ya miƙo mata takardar rawar da za ta taka, ta dubi hannunsa, laushi kamar awara. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa: tsohuwa ce mai shekara saba'in, mijinta na fama da ciwon mantuwa. Sai ta kwashe da dariya.

"Farfesa, wannan ai ba sai na haddace ba."

"Ki haddace dai, Kaka," in ji shi. "Bincike ne ya fitar da shi."

Aka zaunar da ita a wani ɗaki mai kyamara, Farfesa yana leƙe ta bayan gilashi. Ɗalibai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karkata kai gefe guda kamar kaza ta ga shaho, ya sassauta murya ya ce, "Kaka, yaya kike ji a ranki?"

"A raina? A ƙuguna nake ji, 'yan nan."

Takarda ta ce in an yi minti goma ta fashe da kuka, ta ce kaɗaici ya ishe ta. Mal-sun ta gwada, hawaye suka ƙi zuwa. Maimakon haka sai ta ba su labarin yadda tsoho ke cusa shinkafa a cikin takalminsa, da yadda yake ɗaukarta kwandasta, yana daka mata tsawa ta rufe ƙofa mota za ta tashi. Ita tana dariya, yaran suna ta duba takardunsu, sun rasa akwatin da za su sa wa dariya maki.

A mako na huɗu wata ɗaliba mai suna Ryu Da-som ta tambaye ta ko tana da wani fata a rayuwa.

"Ina da shi," in ji Mal-sun. "Ya riga ni mutuwa, ko da kwana ɗaya ne. Akwai ranakun da nake cewa da ma gobe ne."

Biro ya faɗi daga hannun yarinyar. Kafin ta sunkuya ta ɗauka, Farfesa ya turo ƙofa.

"Kaka, wannan ba ya cikin takarda. Masu jinya ba haka suke magana ba. Mutum dubu da ɗari biyu muka tambaya."

"Da takarda a hannu kuka tambaye su, ko? To wace mahaukaciya ce za ta gaya wa mai takarda haka?"

"Kina tsorata min ɗalibai."

"Farfesa, tsakani da Allah, ka taɓa wanke babban mutum?"

Ya gyara tabarau. "Ni nazari nake yi."

"Na ga alama."

Bayan sati ɗaya wasiƙar godiya ta iso, mai hatimi da sa hannu, wadda ma'anarta kada ta sake zuwa. Maƙwabciyarta ta ce an ɗauko wata 'yar sashen wasan kwaikwayo, an barbaɗa mata hoda a gashi, kuma minti goma na cika take ɓarkewa da kuka har da shessheƙa. Ajin gaba ɗaya ya ci jarrabawa.

Shekara biyu bayan nan, wata safiyar Laraba, aka buga ƙofa. Ofishin unguwa ne ya turo sabuwar ma'aikaciya ta duba halin da suke ciki. Mal-sun ta buɗe, sai ga Da-som, da katin aiki a wuya da fom mai shafi shida. Ta zo kuwa a daidai lokaci: Gap-su ya ɓata wandonsa, ya shafa a bango, yana tsaye a tsakar ɗaki yana zagin fasinjoji.

"Ajiye takardar nan," in ji Mal-sun, ta jefa mata safar hannu ta roba. "Riƙe kafaɗunsa. Ba haka ba, ta baya, yana kai naushi."

Da-som ta riƙe. Suka ja shi banɗaki, suka wanke shi tas, suka sa masa kaya. Da suka gama yarinyar ta fita waje ta yi amai a magudana, ta dawo fuska jiƙe tana ba da haƙuri. Mal-sun ta zuba mata shinkafa da miyar waken soya, ta zauna tana kallonta har ta cinye.

Laraba ta gaba Da-som ta dawo, wannan karon da safarta a jaka. Ta yi ta zuwa har Gap-su ya rasu cikin bazara. Mal-sun ba ta taɓa yaba mata a gaban idonta ba. Ga maƙwabciya kawai takan ce yarinyar ba laifi, shekara huɗu 'yan jami'a suka yi suna lalata ta amma ba su gama ba.