Halimatu da tatsuniyar rana

Ranar da na fara sanin Halimatu faɗa muka yi. Wankan jegon jikata ya kai ni Danau Kota, wata unguwa can ƙasar waje, cutar korona ta rufe hanya, na maƙale a bene hawa na goma sha huɗu kamar kaza a akurki. Da hantsi sai ga maƙwabciya ta buga ƙofa, takunkumi a fuska, waya a hannu, wai in yi wa yaran Hausawan garin tatsuniya, suna jira a cikin wayar.

Na ce, "Da rana tsaka? Ke ba a gaya miki mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, ba ya gane hanyar gida ba?"

Ta ce, "Inna, ai camfi ne."

Na ce, "To boko ya yi miki tatsuniyar." Na rufe ƙofata.

Bayan magariba ta dawo da shayin kedai, wato na shagon unguwa, a leda. Na sha, na sauko daga fushina.

'Yar Gumel ce, mijinta Haliru yana koyarwa a jami'a. Uwarta ta rasu tana goye, makarantar kwana ce ta raine ta, shi ya sa babu tatsuniya ɗaya da ta riƙe har ƙarshe, sai gutsattsari. 'Yarta guda, Hanan, shekara shida. In ka ce mata zo, sai ta ce "boleh", wato "to" da yaren mutanen garin. Abin da ke cin ran Halimatu ke nan. Ta ce min ba ta son komai sai yarinyar nan ta ji tatsuniya ɗaya cikakkiya da Hausa daga bakin uwarta.

Ta zaɓi ta yarinyar da tsuntsu ya ɗauke wa ludayi ta bi shi daji. Kullum in ba ta kaɗan, ta maimaita, in gyara mata waƙar, don muryarta ko kwaɗo ya fi ta. Ƙarshen kuwa na riƙe. Ba zan ɓoye ba, tsoro nake in ta samu ta daina zuwa, ni kuma ba ni da abokin hira sai jariri.

A shekara ta biyu cutar ta kama ta. Aka kai ta asibiti, ko Haliru ba a bari ya shiga ba. Kwana tara sai ta kira wayar jikata, ana shirin azahar, rana ƙwal a taga. Numfashinta kamar ana jan guga.

Ta ce, "Inna, ƙarshen. Na san rana ce."

Shekara saba'in ban taɓa yi ba. Na ce a raina, wace hanyar gida ta rage da zan ɓata? Na ba ta shi duka, har waƙar.

Kwana biyu bayan nan ta cika. A can aka rufe ta, masu fararen kaya ne suka yi mata wanka, ba mu ba. Hanan ta ji tatsuniyar daga baya, amma a bakina.

Kafin wayar ta katse ran nan ta tambaye ni, "Ashe yarinyar ta koma gida?"

Na ce, "Ta koma, da ludayinta. Ke ma ki tashi ki zo ki ba 'yarki da bakinki, Halimatu. Ni ba 'yar aikinki ba ce."