Ragon amana da madubin kabad ɗina

Lokacin da abin nan ya same ni, ni mace ce da ba a juya ta. In na ce zan yi abu, to an gama magana. Ina tuyar ƙosai a ƙofar gidanmu nan Dakoro, ina ɗan kiwo a tsakar gida, kuma ban daɗe da gama makarantar yaƙi da jahilci ba, wadda na shiga da furfura a kaina. Da na iya karanta lamba sai na ji babu abin da ya gagare ni. Na rubuto muku wannan da hannuna ne, in kun ga gargada ku gyara, amma kada ku rage kome don ku rufa mini asiri.

Biki ya kai ni Maradi, gidan ɗiyar ƙanena, na ga kabad a ɗakin girkinta yana ta sheƙi, ƙofofin sama gilashi, na ƙasa madubi. Na dawo gida na dubi nawa, tsohon katako tun na aurena, hayaƙi ya mai da shi kamar gindin tukunya. Na ari abin awo na auna ƙofofin da kaina, na ba wani direba awon, ya zo mini da gilashi da madubi a naɗe cikin kwali. Muka ciccibo kabad ɗin zuwa tsakar gida don kada warin fenti ya shiga abinci. Na goge shi, na shafe shi da shuɗi, kafinta ya zo ya ɗora gilasan. Maigida da ya gani sai ya tambaye ni ko tukwanen ne za su riƙa sa kwalli, ko kuwa so nake in riƙa ganin fuskata in ina faɗa. Na ce mishi in bai iya yabo ba ya kama bakinshi.

To, a tsakar gidan nan akwai rago ɗaure, kuma ba nawa ba ne. Na wata ƙawata ce Bafillata, mai kawo nono daga rugarsu wajejen Ɗan Gulbi, tun muna da ƙuruciya muke tare. Uwar ragon ta mutu yana jariri, ita ta shayar da shi da hannunta har ya tashi. Ta gaya mini duk tsawon rayuwarta naman layyar maza take ci, bana tana so ta yi tata da sunanta kafin ta bar duniya. Da rani ya yi tsanani, daji ya zama babu ko tsinke, sai ta kawo mini shi, don ni ina samun harawa da dusa daga dangina na Sabon Maci. Ba ta kafa mini sharaɗi ba. Igiyar kawai ta danƙa mini, ta ce amana.

Warin fentin bai fita ba, sai na bar kabad ɗin a waje, fuskarshi tana kallon turken ragon. Tun da hantsi ragon ya daina cin harawa. Ya kafe ido wuri guda, yana huci, yana tonon ƙasa da kofato. Maƙwabta mata sun shigo ganin aiki, ɗayarsu ta ce ai har bisashe sun san abu mai kyau, muka yi ta dariya, ni ce ma mai babbar murya. Wannan dariyar ita ke cina har yau. Cikin tumaki na girma, na san abin da rago ke nufi in ya sunkuyar da kai ya ja da baya. Amma ranar idona na kan shuɗin fenti da bakin masu yabo. Shi kuwa wani ƙaton rago yake gani a gabanshi, ya huce ya huce mishi, ya tako ya tako mishi.

Ina cikin ɗaki na ji ƙara kamar an fasa randa. Na fito na tarar ya tumɓuke turken, kanshi ya shige cikin ƙofar ƙasa, gilasan sama sun zubo mishi a wuya, jini na bin farin gashinshi. Na kama ƙahon na jawo shi, hannuna ya yanke ban ma ji ba. Maigida da wani maƙwabci suka ɗora shi a amalanke muka nufi wajen likitan bisashe. Ya cire tsinin madubi a fatar idon hagu, ya ɗinke, ya yi mishi allura. Ya ce ran ragon ba ya cikin haɗari, amma ido ya kumbura ya rufe, ba zai iya sanin ko ƙwayar ta taɓu ba sai kumburin ya saɓe. Kowa ya san mai ido ɗaya ba ya layya, ga Salla ta matso.

Wata maƙwabciya ta ba ni shawara in ce ragon wani ne ya shigo suka yi karo, ko in nemo mai kama da shi a kasuwa in ɗaure. Na fatattake ta, na ce wadda ta shayar da bisa da hannunta za a yi wa musanya? Amma ba zan ɓoye ba, bayan ta fita maganar farko ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Da gari ya waye na tare masu nono na aika wa ƙawata cewa ta zo, ragonta ya ji ciwo a gidana, kuma sakacina ne.

Ranar kasuwa ƙawar tawa ta zo. Ta dubi kabad ɗin da bakinshi a wangale, ta dubi ragon, ba ta ce mini uffan ba. Da zagina ta yi da na fi jin daɗi, don faɗa na iya, shiru ne ban iya ba. Ta durƙusa ta kira shi da wani suna da ban taɓa sanin yana da shi ba, ya zo ya sa kai a cinyarta. Ta ƙi komawa ruga, ta zauna gidana tana gasa mishi wurin da ruwan ɗumi kamar yadda likita ya ce. Muna ci kwano guda, magana ba ta wuce gaisuwa.

Wata safiya kumburin ya saɓe, idon ya ɗan buɗe, ja wur. Ta ce kowa ya yi shiru. Ta rufe mishi idon dama da tafinta, ta sa ni in tsaya nesa ta hagu in ɗaga ganyen harawa ba tare da motsin da zai ji ba. Na ɗaga ganyen. Ragon ya fizge kai ya nufo ni. Ni da ba a taɓa ganin hawayena ba sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka. A nan ne ta yi dariya, ta ce mu Haɓe ba mu da aiki, sai mun ga fuskarmu ko ludayi za mu ɗauka, yanzu ga shi mun koya wa ragonta. Muka tambayi malamin unguwa, ya ce tunda yana gani, tabon ɗinki ba ya hana kome. Ta yi layyarta da sunanta, ta aiko mini da cinya guda.

Ban ce kada mace ta gyara ɗakin girkinta ba, nawa kabad ɗin ma yana nan da shuɗinshi, katako na mayar a ƙofofin ƙasa. Amma gidajenmu ba mu kaɗai ke cikinsu ba, akwai bisashe, akwai masu rarrafe. Madubi ko gilashi, a ɗaga shi sama inda ƙaho da ƙaramin hannu ba su kaiwa. Kuma in kina riƙe da abin wani, kika ga ya daina cin abinci ya kafe ido wuri guda, bar masu yabon nan tsaye, ki je ki ga abin da yake kallo.