Ƙwayoyi Biyu Daga Mashin Ɗin Kaka

Ƙarar ce ta fara gaya mini cewa wani abu ya ɓaci. Jandarman ya ciro gwangwanin daga jakata, ya kai shi kusa da kunnensa ya girgiza, ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki suka yi cakar-cakar. Ni na san wannan ƙara tun ban iya ɗaura zani ba, ƙarar gidanmu ce, har na fara murmushi. Sai na ga shi bai yi ba. Ya buɗe murfin a hankali, ya leƙa, ya ga ƙwayoyin da 'yan guntayen waya, ya ja da baya taki ɗaya. Da faransanci ya ce in sauka daga kan moto, wato babur ɗin hayar da na hau, kada kuma in taɓa jakar.

Yau kwana biyar ke nan, amma har yanzu abin bai bar raina ba. Shi ya sa na zauna ina rubutawa, ko zuciyata ta koma wurinta. Sai dai ba za ku gane gwangwanin nan ba sai na ba ku labarin mai shi.

Kakana na wajen uwa marubucin wasiƙa ne a nan Malanville. Rumfarsa tana tsakanin kasuwa da ofishin duwan, wato kwastan, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokarewa da guntun bulo, a kai kuma baƙin mashin ɗin rubutu wanda ya girmi mahaifiyata. 'Yan kasuwa su zo a rubuta musu takardar roƙo, masunta su zo, tsofaffin mata da 'ya'yansu suka tafi Kwatano ko suka ƙetara Gaya su zo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "uwata". Ranar da babu lakwal, wato makaranta, ni ke kai masa fura, in na kai kuma ba na komawa. Nakan zauna ƙarƙashin tebur, warin tawada na haɗuwa da na busasshen kifi da na albasa, mashin na ta tak-tak-tak a bisa kaina har ƙararrawar ƙarshen layi ta buga. Da wannan sautin na sha yin barci.

Sau ɗaya a shekara, idan damina ta zauna kogi ya yi ja, iska ta yi nauyi, sai mashin ya fara gardama. Ranar nan Kaka ba ya fita. Da sassafe zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a tsakar gida, ya kifar da mashin, ya kira ni, don idonsa ya fara raguwa ni kuma yatsuna ƙanana ne.

A can ƙarƙashin abin da ke ɗauke da takarda akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba. Duk harafin da aka buga sai ya sunkuya ya miƙe, ya bar takarda ta gusa taki ɗaya, ba biyu ba. Kaka na ce masa ɗan duwan, wai shi ma ɗaya bayan ɗaya yake barin a wuce. Ba a ɗaure yake tamau ba, a rataye yake tsakanin kusoshi biyu masu tsini, dama da hagu. Kowane tsini yana shiga cikin wani ɗan ƙoƙo, a cikin ƙoƙon kuma an jera ƙwayoyin ƙarfe a zagaye, ƙanana kamar ƙwayar dawa, irin waɗanda makanikai ke kira boris. Tsinin ba ya taɓa gindin ƙoƙon. A kan ƙwayoyin yake zaune, su ke juyawa su ɗauke masa wahala. Kaka ya kan ce wanda ya ƙera abin nan ya san darajar ƙanana, tunda nauyin maganar dukan kasuwa a kansu ya ɗora shi.

Aikina shi ne mayar da su bayan an wanke da kalanzir. In shafa man kaɗe a ƙoƙon, in dangwali man da tsinken tsintsiya, in ɗauko ƙwaya ɗaya-ɗaya in manna. Dole da safe, tun man yana da tauri. In gurbi ya rage sai in ƙaro daga gwangwaninsa, in na cika ƙoƙon sai in miƙa masa ina jin kaina. Zai kawo shi dab da idonsa, ya sa farce ya tsamo ƙwaya ɗaya ya ajiye a tafina, ya yi haka da ɗaya ƙoƙon ma.

"Ga ladanki, uwata. Kada ki sa a baki."

Yini guda nake gara su a faranti. Da yamma ya karɓa ya jefa a gwangwanin nan, inda yake tara ƙwayoyi da wayoyin da ya ciro daga matattun mashina na ofisoshi. Shekara nawa muna haka, ban taɓa tambayar dalili ba. Wa ke tambayar dalilin lada?

Daga baya shaguna masu na'ura suka buɗe, yara irina suka fara buga takardu a kai cikin minti biyu. Kaka bai yi fushi ba. Ya naɗe tabarmarsa ya koma Garou wurin ƙanensa, kusa da gonakin shinkafa, ni kuma na shiga kolej na rage zuwa. A bana Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in aka gaya mini ya bar wasiyya, mashin na uwarsa ne. Ya cire ƙwayoyin tun da daɗewa ya zuba a gwangwani don kada danshin kogi ya sa su yi tsatsa, ya ce mai shi ta san yadda za ta mayar.

Kuskurenmu ƙarami ne. Mashin yana da nauyi, sai kawuna ya ɗaure shi a motonsa bisa buhun albasa ya yi gaba don ya riski kasuwa. Ni na biyo baya a kabu-kabu, da gwangwanin a jaka. Haka na iso shingen jandarma na shigowa gari da ƙwayoyin ƙarfe da waya, babu mashin.

Ba na ganin laifin jandarman, yaro ne matashi. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da ya sa shingaye suka yi yawa, ya kuma ji irin abin da miyagu ke cusawa cikin abin fashewar da suke binnewa a hanya. Ni ce dai ban taɓa haɗa wannan da kayan Kaka ba. Mai kabu-kabu ya ce shi a bakin hanya ya ɗauke ni, bai san ni ba, aka sallame shi. Aka karɓi wayata, aka zaunar da ni a benci ƙarƙashin rumfar kara, aka kai gwangwanin nesa aka ajiye a rana kamar maciji. Faransancin da na ci jarrabawa da shi duk ya gudu. Na ce na mashin ne. Ya ce wane mashin? Na nuna hanya da hannu kamar wawiya. Na ji yana magana a waya, na ji ya ambaci mota, na ji ya ambaci Kandi, inda babban ofishinsu yake. Na san in aka sa ni a motar nan, ba yau zan ga gida ba, ba kuma gobe ba. Na tuna mahaifiyata tana jirana da abincin rana, ga ta da hawan jini.

Sai shugabansu ya fito daga bayan rumfa, dattijo mai furfura a gefen kai. Ya je ya tsuguna ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin, ya dawo ya yi mini Hausa mai ɗauke da harshen Dendi.

"Ɗiyata, mi a wanga?"

Na gaya masa cikin kuka, daga tsakiya zuwa farko. Bai katse ni ba. Ya miƙo mini wayata ya ce in kira kawun.

Sai bayan azahar kawu ya iso, gumi sharkaf, warin albasa na gabansa. Ya sauke mashin a kan teburinsu yana haki.

"Ranka shi daɗe, wagga yarinya ko kaza aka yanka sai ta rufe ido. In akwai mai laihi ni ne, da na raba uwa da 'ya'yanta."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce mashin kowa na iya samowa. In gaskiya ne ƙwayoyin nasa ne, in mayar da su ya gani, in ya yi rubutu to magana ta ƙare. Yaron ya duba agogo ya ce mota na hanya.

Na kifar da mashin kamar yadda Kaka ke yi, na shimfiɗa gyalena. Ina da ɗan man kaɗe a jaka na shafawa, amma rana ta mai da shi ruwa. Wata mai sayar da ruwan sanyi da ke kallonmu tun ɗazu ta turo mini leda mai ƙanƙara, na ɗora man a kai har ya kama. Na karyo tsinke daga rumfar. Na zaɓi ƙananan ƙwayoyin, masu kama da dawa. Biyu suka faɗi suka gara cikin yashi, kawu ya durƙusa yana nema yana mita. Na cika ƙoƙon dama, na cika na hagu, tsaf, babu ko gurbi. Na mayar da ɗan duwan, na ɗaure kusoshin, na miƙar da mashin. Na danna harafi.

Bai motsa ba.

Na sake dannawa da ƙarfi. Harafin ya tashi ya buga, amma abin ɗaukar takarda na nan daram kamar an kafe shi. Kawu ya daina mita. Daga nesa na hango ƙurar mota, ban san ko ita ce ba. Na ce a raina shi ke nan, Kaka ya mutu da sirrinsa, ni mai riƙe tsinke ce kawai. Na dunƙule hannu, sai na ji tafina wayam. A duk ranar wankin mashin, a daidai wannan lokacin, akwai abu biyu masu sanyi a tafin nan.

Sai na gane. Ba lada ba ne, ko kuma ba lada kaɗai ba ne. Idan ƙoƙon ya cika, ƙwayoyin na matse juna, babu wadda za ta juya. Har na tuna wata safiya da yake tsamo ta yana cewa, kamar da kansa yake magana, "Kwalekwale in ya cika maƙil, ina mai tuƙi zai sa gwiwa tai?" Ni lokacin hankalina na kan faranti.

Na sake kwancewa. Na sa farce na tsamo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na riƙe su a tafina. Na ɗaure kusoshin har suka kama, na sassauta kaɗan kamar yadda na sha ganin yatsunsa na yi. Na yi bisimilla na danna.

Tak. Ya gusa taki ɗaya.

Dattijon ya jawo kujera ya ce in matsa. Ya sa farar takarda, ya gyara zama, ya fara bugawa da yatsu biyu, da sauri irin na wanda hannunsa ya san hanya. Tawadar ta bushe tun shekaru, haruffan sai sawu suke bari a takarda, amma sautin na nan yadda na san shi, tak-tak-tak, har ƙararrawa ta buga. Ya tsaya, ya shafa gefen mashin da tafi.

"Shekara nawa ina buga rahoto da irin wanga, ban taɓa ganin cikinai ba." Ya nuna ƙasan da haɓa. "Mi sunan ɗan abin da ke sunkuyawa?"

Na ce Kaka na ce masa ɗan duwan, don ɗaya-ɗaya yake barin a wuce.

A nan ya yi dariya har da tari. Ya fassara wa yaron, shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ɗauki waya ya ce a bar motar.

Tun ranar ina ta tunanin yadda abubuwa suka juya. Ƙwayoyin da nake garawa a faranti a tsakar gida, yau su ne ke sa namiji mai bindiga ya ja da baya, kuma yana da gaskiyarsa. Rumfar Kaka yanzu ana sayar da katin waya a cikinta. Yaron jandarman ya gaya wa kawu bai taɓa jin ƙararrawar mashin ba sai ranar. Ni kuma da na yi kolej, na ɗauka na wuce ilimin tsohon, sai ga shi abin da ya fitar da ni bai taɓa zaunar da ni ya koya mini ba, a tafin hannu kawai ya riƙa ajiye mini shi shekara bayan shekara.

Ana kiran la'asar a masallacin bakin hanya lokacin da dattijon ya rufe gwangwanin da kansa ya miƙo mini.

"Tashi ki tahi gida, ɗiyata. Babu komi a kanki. Gobe in za ki ɗauko 'ya'ya, ki taho da uwarsu."

Na miƙe. Na sa hannu ɗaya na karɓi gwangwanin, ɗayan na nan a dunƙule, sai ya lura.

"Wancan hannun hwa, mi ke ciki?"

Na buɗe. Ƙwayoyi biyu, har sun yi shaida a fatar tafina.

Na ce, "Ladana ne, Baba."