Farin Fentin Baban Gareji

Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran Baban Gareji a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ina tsakar gida ina shanya lokacin da wayar maigidana ta yi ƙara. Ya saurara, sai ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, zuciyata ta karye saboda kai, Baba. Amma can ƙasanta wata tambaya ta ɗago kai: in ni ce na mutu, zai yi mini irin wannan kukan?

Da tambayar nan a raina nake rubuta maka, domin kai mutum ne da ba ka son a ɓoye maka inda mota ke ciwo. Kishinka nake yi, Baba. Na yi shi kana raye, ga shi ka tafi bai sake ni ba.

Wanda bai san ka ba, ya je bayan gidan mai ya tambaya. Zai ga rumfar kwano, da ramin duba mota, da dogon bencin da baƙin mai ya rine. A nan ka tsufa. A nan ka ɗauki maigidana bayan rasuwar mahaifinsa, ka koya masa riƙon sifana, har ka lura hannunsa na tuƙi ne, ka tsaya masa ya mallaki akori-kurar da muke ci muke sha da ita. Shi kana ce masa Dogo. Ni kuwa tun ranar da ka zo ganin ɗakina ka tarar da littattafai jere a bayan gado, ka raɗa mini Mai Littafi.

Ba zan manta da alherinka ba. Da ka ji yawan ɗaukewar wuta na sa ni karatu da hasken waya, ka haɗa mini fitila da tsohon batir da ƙwan fitilar mota, ka ce kada idon Mai Littafi ya lalace Dogo ya rasa mai ganin kyansa. Duk sanda na gaishe ka sai ka tambaye ni yadda labarin da nake karantawa ya ƙare, ko saurayin ya aure ta ko har yanzu yana jingine da mota yana kallon ta. Ka kan ce abin da ke ɗaure maka kai da samarin littafi shi ne motarsu ba ta taɓa lalacewa, da su kaɗai ne a duniya da yunwa ta kashe ka. Bayan rasuwarka na ji labarai kala-kala a bakin masu gaisuwa. Wata mata ta ce motarta ta taɓa macewa cikin ruwan sama da yara a baya, ka cire batirin taka ka sa mata, kai ka koma gida a ƙasa.

To me ya haɗa ni kishi da mutum irin wannan?

Na shigo aure da kai cike da abin da na karanta. A littattafai miji kan dawo da yamma ya zauna kusa da matarsa, ya buɗe mata cikinsa har shayi ya huce ba su sani ba. Nawa mijin mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma maganarsa a gida ba ta wuce “to” da “madalla” da “Allah ya kai mu”. Na haƙura, na ce haka Allah ya yi shi. Sai wata rana na kai masa abinci gareji. Tun daga bakin rumfa na ji wata murya daga ƙarƙashin mota tana zuba labari, tana kwaikwayon wani fasinja, tana dariya har da tari. Kai kana zaune a kujerar direba kana share hawayen dariya. Sai da na ga takalmin da ya leƙo daga ƙasa na gane muryar wa ce. Da ya hangi ƙafafuna ya yi tsit, ya ce mini sannu da zuwa. Ranar na san maganar tana nan, ba ni ake yi wa ita ba.

Daga baya na fahimci yadda kuke aiki. Tun da gwiwa ta hana ka shiga ƙarƙashin mota, kai ke zama a sama kana kaɗa sitiyari hagu da dama, shi yana kwance yana bin gaɓoɓin da hannu yana faɗa maka abin da ya ji. Fuska ba ta ganin fuska, sai bakinsa ya buɗe. Abu ɗaya ne ba ka bar wa kowa ba: ɗaurin ƙarshe. Ko da za a kama ka a saukar da kai rami, kai ke ɗaure manyan notuna da hannunka, sannan ka ja farin layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe. Duk garejin an san notin da ke da farin fenti ya gama magana. Ba mai sake ɗora masa sifana.

A farkon zafin bana kuka yi wa akori-kura gyaran ƙafar gaba gaba ɗaya, aka canza duk abin da ya cinye. Motar ta daina ƙara, amma ta fito da sabon hali. In ta ɗan yi gudu sai ta riƙa yawo a kan titi, ya juya ta dama ta yi jinkirin bi, ya taka birki ta karkata hagu. Ya kan dawo gida kafaɗunsa a sage saboda kokawa da sitiyari.

Daga nan na rasa shi ɗungurungum. Kuka gwada iskar tayoyi, kuka mayar da na gaba baya. Kuka kai ta wurin masu saita ƙafa da na'ura, ta miƙe kwana kaɗan ta koma gidan jiya. Kuka ɗaga ta a jak kuka girgiza kowace taya, ba abin da ya motsa. Kuka buɗe akwatin sitiyari kuka rufe. Bayan kowane gwaji sai ku hau titi, shi yana tuƙi, kai kana gefensa, tafin hannunka a kan gaban mota, idonka a lumshe. Ka ce kai ba ka sallamar motar da ba ka yarda da ita ba, in za ta kife ta kife da mai gyaranta.

Ni kuwa ina taga ina kallon ku kuna wucewa. Kujerar nan da na daɗe ina mafarkin zama a kanta, iska na kaɗa mayafina, kai ne a kai, kana nuna masa wani abu yana gyaɗa kai yana murmushi. Na roƙe shi ya kai ni gidan yayata ko sau ɗaya ne, ya ce in hau haya. Abinci ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. In ya shigo, zancensa ke nan: Baba ya ce, Baba yana ganin. Har na taɓa ce masa da kai ya aura da an huta, ya yi dariya ya ɗauka wasa nake.

Kuna cikin neman nan ciwo ya kwantar da kai, ba ka tashi ba.

Bayan an kai ka makwancinka, motar ta zauna a ƙofar gida ƙura na hawanta. Masu kaya suna kira, ba ya ɗauka. Wata safiya ina wanke-wanke ya tsaya a kaina ya ce, “Zo ki kama mini sitiyari.”

Ya nuna mini yadda zan yi: taya a ƙasa, inji a kashe, in riƙa kaɗawa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Ya shimfiɗa kwali ya shige. Na zauna inda kake zama, Baba, ina ji kamar wadda ta sa kayan da ba nata ba. Ina kaɗawa ina jin hannunsa yana bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Can sai motsin ya tsaya. Ya ce in ci gaba. Na ci gaba. Sai na ji yana jan hanci.

Babban notin da ke riƙe hannun ƙafar hagu da jikin mota ne. In an ɗaga mota ba ya nuna komai, sai nauyi ya hau kansa yake ba da wuri. Farin layinka yana kai. Ka ɗaure shi iyakar ƙarfinka, ƙarfin ne ya riga ya fara tafiya ba mu sani ba. Sai a lokacin na tuna yadda a watannin nan kake riƙe kofin shayi da hannu biyu.

Na tambaye shi yadda aka yi duk makonnin nan bai gano ba.

“Hannuna ya sha zuwa kusa da shi,” ya ce. “Sai in janye. In na ɗaure, layin zai goce. Baba zai gani.”

Na saki sitiyarin. Wato kowace safiya da na raka shi ƙofa da addu'a, yana fita ne da zargin nan a ransa. Ya yarda ya hau titi da motar da ke iya ƙwace masa, don kada wani dattijo ya duba layin fenti ya gane hannunsa ya ƙare. A duk abin da na karanta ban taɓa cin karo da so mai nauyin wannan ba, kuma ba ni aka yi wa ba.

Na ce, “Ka gwammace in yi takaba da ka ɓata wa Baba rai.”

Ya ce shi ya sa bai taɓa yarda na shiga motar ba, shi ya sa ya daina karɓar kayan nesa.

“Ni ka ajiye, kanka ka ɗauka,” na ce. “Kan nan naka kai kaɗai ne da shi?”

Na ji ya jawo dogon sifana, na ji ƙarfe ya yi kuka ya kama. Ya ce in sake kaɗawa. Sitiyarin ya cika mini hannu, babu sauran wasa, ni da ban san mota ba ma na ji bambanci. Na jira ya fito, bai fito ba.

“Ban iya magana irin ta littattafanki ba,” ya ce daga ƙasa. “Amma na yi miki ba daidai ba. Ki yafe mini.”

A littafi da shafi guda za a cika. Ni abin da na samu ke nan, daga ƙarƙashin mota, kuma na karɓa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin ranar da ya fara zuwa gareji da yunwa ka raba burodinka biyu, da ranar da ya fasa gilashin motar wani ka ce kai ne. Ya yi ta magana har rana ta shigo ta taga ta gasa mini cinya, ban motsa ba don kada ya tsaya. Muryar da na daɗe ina nema ta zo hannuna, amma daga farko har ƙarshe labarinka take bayarwa.

Ban yi niyyar rubuta zancen notin nan ba, don kada a ce na tona asirin mamaci. Mama, matarka, ita ta ce in rubuta. Da na koma gaishe ta na ba ta labari, ta dafe ƙirji ta ce ashe ba zafin ciwo ba ne. Ta ce a ranarka ta ƙarshe ka kama hannunta ka ce ta faɗa wa Dogo kada ya ji kunyarka, ya bi bayanka ya duba duk inda ka sa fenti. Ta ɗauka sambatu ne. Daga nan ba ka ƙara cewa komai ba.

“Kin ji, 'yar nan,” ta ce tana goge ido da bakin mayafi. “Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan, ko sallamar sai wata rana ban samu ba. Noti ya samu wasiyya.”

Muka yi dariya, muka yi kuka. Washegari maigidana ya ɗauki sifana ya bi motocin da ka gyara a watanninka na ƙarshe, gida-gida, kamar yadda ka ce.

Na san ba zan ci nasara a kanka ba, Baba. Ni ina raye, zan ƙona girki, zan yi fushi, zan faɗi abin da bai kamata ba. Kai ka gama naka, kullum kyau za ka riƙa ƙarawa a ransa. Ka riƙe wurin da ka samu, halalinka ne, da guminka ka same shi. Ni zan nemi nawa a gefensa.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk ran da ya isa gida lafiya ta dalilin hannunka ya zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk waɗanda suka ci abinci a ƙarƙashin rumfarka. Allah ya ba su haƙurin rashinka. Ya ba Dogo, wanda ya zama maraya karo na biyu. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, ya ba ni ikon sauraron labarinka duk sanda aka ba ni shi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.