Zuwa Tsibiri a Kan Maganar Tsohuwata

Lawali maƙwabcina ya ci mutuncina a ƙofar masallacinmu na Sabon Gari a Maraɗi. Gaban jama'a ya ce duk mai zuwa gidan uwarsa arniya yana cin tuwonta, kada a haɗa kafaɗa da shi a sahu. Ni yake nufi. Tsohuwata tana ƙauye bayan Jiratawa, har yau tsafin iyayenta take yi. Kwana uku ina juya maganar: in yanke zuwa wurinta, ko in bar sahu?

Mun tashi da asuba, ni da wani abokina, a motar Tsibiri, neman shawarar wani tsohon malami. Tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa kuɗin mota ya hau, kujerar kuwa tana nan da ƙusarta. Kowace bishiya ta sha tutar jam'iyya. Ma'aikata na yajin aiki, jandarman kan hanya ne kaɗai ba ya fashi.

Tsibiri ta burge ni. Gero ya yi kai, furarsu ba a yi mata rowar nono ba. Tsohon malamin da muka je gani, mun same shi yana ɗinke rigarsa da hannunsa. Na faɗa masa damuwata, na ce masa karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato boko, da 'yan surori ba. Bai raina ni ba. Ya ce aikin manzanni isar da saƙo, shiriya kuwa ta Allah ce. Annabi Ibrahim, ubansa gumaka yake bauta wa, amma da "babana" yake kiransa, cikin laushin harshe. Annabi Nuhu ya yi ɗaruruwan shekaru yana kira bai gaji ba.

"Kai shekara nawa ka yi kana kiranta?"

Na tuna baya. Faɗa kawai na iya yi mata.

Muka sake ratsa Maraɗi muka yi kudu. Lambunan Jiratawa kore shar, ko'ina mutum duƙe. Na tarar da tsohuwa tana surfe. Da la'asar ita ta kawo mini ruwan alwala, ta kore awaki daga inda zan yi salla. Na ci tuwonta, na yi mata maganar Allah a hankali. Ta ce, "Yau wa ya wanke maka baki?" Ba ta amsa kira ba, amma ta saurara har na gama.

Na koma gida na gane kira ba da tsawa ake yinsa ba. A sallar asuba na tsaya dab da Lawali, na ce:

"Manzannin Allah ma ba a ba su makullin wuta ba, balle kai. Jibi zan koma wurin uwata. Matsa mini, sahun ba gadon gidanku ba ne."