Sunan Ɗan Gwaggo Mai Zare

Gwaggo Mai Zare yayar babana ce. Shekara talatin ke nan tana ɗinka sunayen 'yan makaranta a ƙirjin riguna, a wani ɗan shago da in ka buɗe hannuwa sai ka taɓo bango biyu. Keken ɗinki ɗaya gare ta, da fanka mai ƙara, da gwangwanin madara cike da allurai. Babu sunan da bai bi ta ƙarƙashin allurarta ba, kuma yawancinsu sun gundure ta. Ita kanta su bakwai ne masu suna ɗaya a ajinsu, in malami ya kira sai duk su miƙe. Tun lokacin ta ci alwashin ɗanta ba zai haɗa suna da kowa ba.

Allah ya ba ta ɗa ɗaya tal. Sunan wani kakan kakanta ta tono masa daga bakin wata tsohuwa a danginmu. Mijinta sai da ya kwana uku yana gwadawa kafin harshensa ya saba. Gaɓa uku ne: a ja ta tsakiya, a sauke ta ƙarshe a hankali kamar mai ajiye tiren ƙwai. Duk wanda ya gutsure shi, ko hedimasta ne, sai ta tsayar da keke ta sa shi ya maimaita.

Shekara ashirin da biyar tana taƙama da sunan nan ita kaɗai. Sai ɗan ya zama direban motar asibiti. Ga iya kauce wa rami, ga lallashin magidantan da suka rikice matansu na naƙuda a baya. Da aka sa wa jariri na farko sunansa, Gwaggo dariya ta yi. A na biyar ta daina dariya. Da yaran suka isa shiga makaranta, sau tara ta ɗinka sunan a zango ɗaya, tana yi tana tsaki, ga iyayen sai haɗiye gaɓar tsakiya suke.

Ta sami ɗan nata yana wanke mota. "Kai ba ka iya ɗan ɗaure fuska ba ne? Kullum haƙora a waje, ga shi ka rabar min da suna kamar gyaɗa."

"To Umma, in daina gaishe su?"

Ta ce ya daina, ya ce to, bai daina ba. Sai ta kafa doka a shago: riga ba ta fita sai mai ita ya faɗi sunansa yadda ya kamata. Na sha ganin yara sun jeru a kan benci suna jan gaɓar tsakiya, ita kuma tana yi musu nuni da almakashi. Wai tunda an ƙwace mata abu, aƙalla kar a lalata shi.

Bara aka yi wa ɗan canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisa. Gwaggo ta yi ta cika baki wai kunnenta zai huta, amma ni da na raka ta tasha ranar tafiyarsa na ga idonta.

Ranar Litinin da safe muka iso shago tare. Ƙofar ta ƙarfe ce mai nauyi, ɗan nata ne ya saba ɗaga mata kafin ya wuce aiki. Ta buɗe kwaɗo, ta waiwaya titi, ta kira sunan da jan nan nata. Sannan ta tuna, ta kama baki. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Yara huɗu masu jakunkunan makaranta suka tsaya cak, suka ce na'am. Ba su tambayi wanne take nufi ba. Suka zo suka sa hannu, ƙofa ta tafi sama.

Gwaggo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta goge ido da gefen mayafi, ta gyara murya.

"Gobe ma ku biyo ta nan," in ji ta. "Kai kuma ɗan gajeren nan, rannan na ji ka gutsure sunan. Faɗa min in ji."